Ƙoƙon gwiwar ɗana yana gocewa, in kai shi wurin mai ɗori?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana yana da shekara 5, an haife shi da lalurar Down. Bai fara tafiya ba sai da ya kai shekara 3. Yanzu idan yana tafiya sai ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya zame gefe, ya faɗi, wani lokacin ƙoƙon ya koma da kansa. Ƙafafunsa kuma sun yi gwame. Surukata ta ce targaɗe ne, mu kai shi wurin mai ɗori. Mene ne shawararka?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori. Ki yi wa Mama bayani cikin ladabi, domin ita ma lafiyar jikanta take nema, amma abin da kika kwatanta ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba.

Yawancin mutane suna da kuromosom 46, wato ƙunshin bayanan halitta da ake gada daga iyaye, a kowace ƙwayar halittar jikinsu. Mai lalurar Down galibi yana da 47, saboda mai lamba 21 ya zo guda uku maimakon biyu. Wannan ƙarin yana sa jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi su yi sako-sako, tsoka kuma ta yi laushi. Na san kin lura tun yana jariri, idan kika ɗauke shi sai ki ji jikinsa laƙwas, kamar zai zame miki daga hannu. Shi ne ya jinkirta masa tafiya, shi ne kuma yake damun gwiwar yanzu. Ƙoƙon gwiwa yana zaune ne a cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, tsokar gaban cinya da jijiyoyi ke riƙe shi yana hawa yana sauka. Idan riƙon ya yi rauni, ga gwame kuma yana jansa waje, sai ya fita daga hanyarsa. Sau da yawa tafin ƙafar irin waɗannan yara a shimfiɗe yake, idon sawu ya karkata ciki, gwiwa ta bi shi.

To kin ga idan aka ɗaure ƙafar da karare aka hana ta motsi na makonni, tsokar da muke so ta yi ƙarfi ita ce za ta ƙara shanyewa. Ja da murɗa kuwa, ga yaron da gaɓoɓinsa suke a sake, haɗari ne babba. Musamman wuya: wasu daga cikin yaran nan ƙasusuwa biyu na saman wuyansu ba su riƙe juna da kyau ba, kada a yarda kowa ya murɗa masa wuya ko a bar shi ya riƙa yin alkafura.

Ki kai shi sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan aikin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kafin ku je, ki ɗauki bidiyonsa da waya yana tafiya ba takalmi, ta gaba da ta baya, domin yaro a ɗakin likita yakan maƙale wa uwarsa ya ƙi taka ko'ina.

Akwai abubuwan da nake so ki roƙa a duba bayan gwiwar. A duba ƙugunsa, don ciwon ƙugu a yara yakan ɓuya ya fito a gwiwa, kuma gaɓar ƙugu ma tana gocewa a wannan lalura. A yi masa gwajin jini na tayirod (wata halitta ce a gaban wuya da ke fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki), wanda ya kamata a riƙa yi duk shekara, domin ƙarancin wannan sinadari yana kawo kasala da ƙiba, ƙiba kuma nauyi ce a kan gwiwa. Sannan a tabbatar gwamen ba na taushin ƙashi ba ne, wanda muke gani da yawa a nan Arewa saboda ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a abincin yara. Nono, madara, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna taimakawa.

Yawanci magani yana farawa ne daga masu gashin ƙashi na asibiti. Za su koya miki motsa jikin da ke ƙarfafa cinya da ƙugu, kuma mafi yawansa wasa ne: ya tashi daga kujerar tsuguno ba tare da dafa ƙasa ba, ya hau dakali ya sauka, ya tsuguna ya ɗauko ƙwallo, ya tuƙa keken yara a tsakar gida. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Idan ya zauna a tabarma da ƙafafunsa a lanƙwashe ta baya, ɗuwawu a tsakaninsu, ki gyara masa zama ya harɗe ko ya miƙe su. Silifas a bar shi, a saya masa takalmi mai riƙe dunduniya. Wani yaron akan ba shi abin ɗaure gwiwa ko abin sawa a cikin takalmi. Tiyata tana zuwa ne idan gocewar ta ƙi ƙarewa, tana sa shi ciwo ko tana hana shi tafiya, kuma likitan da ya gan shi ne zai yanke wannan.

Amma kada ki jira ranar ganin likita idan ya ƙi taka ƙafar kwata-kwata, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ƙoƙon ya goce ya ƙi komawa. Haka nan idan tafiyarsa ta canza farat ɗaya, yana riƙe wuya a karkace, ko ya koma sakin fitsari bayan ya daina. Ciwon ƙashi mai tayar da shi cikin dare tare da fari fat da yawan gajiya shi ma na gaggawa ne, a yi gwajin jini a ranar, domin yaran nan sun fi sauran yara haɗarin sankarar jini.

Idan kun dawo daga Shika ki rubuto mini abin da hoton ƙashin ya nuna. Allah ya ba shi lafiya.