Tambayoyinku: Kama muryar jiragen sama a gajeren zango

Daga Samaru: Na sayi rediyo mai SSB (tsarin da jirage ke aika murya da shi a gajeren zango) don in ji matuƙa jirgi, amma sai shuuu kawai nake ji. In sayi mai tsada ne?

Ajiye kuɗinka, Malam. Wannan tambayar tana ƙona mini rai, don na ga mutane da yawa sun canza rediyo alhali rediyon lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ba shi da lafiya. Cajar waya ta bakin titi, inbatar sola, ƙwan fitila na LED, duk suna feso hayaniya a kan gajeren zango. Ka jona rediyo a soket ɗaya da caja uku, sannan kana neman muryar wanda ke ratsa Sahara? Na'urar jirgi wat 'yan ɗaruruwa take fitarwa, manyan gidajen rediyo kuwa dubban ɗaruruwa. Shi ya sa BBC ke shigowa daram, matuƙi kuma ya nutse.

Ranar da aka ɗauke wuta, kashe inbata, sa batir, ka fita tsakar gida. Ɗaura waya mai tsawon mita 10 zuwa bishiyar darbejiya, nesa da wayoyin lantarki, ka maƙala ta a eriya. Idan hadari ya taso ka cire ta, tsawa ba ta wasa. Da dare fara da 5505 ko 8957 kHz a USB (nau'in SSB ne da za ka zaɓa a rediyon), tashar Shannon ta Ayilan da ke karanta wa jirage yanayi kusan ba tsayawa. In ka ji ta, koma 8903, inda jirage ke kiran Kano, Akra da Injamena. Nan sai haƙuri, ana iya yin shiru na tsawon lokaci. Ni littafi nake ajiyewa, ina rubuta mita da lokaci da agogon GMT. Kai ma yi haka.

Daga Tudun Wada: Muryar tana fita kamar kukan agwagwa.

Rediyonki AM kaɗai yake kamawa, Hajiya. Nemi mai SSB, kamar Tecsun PL-330.

Daga Palladan: A wace mita zan ji jiragen kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya?

Ba a gajeren zango suke ba. A wani zango suke mai suna VHF, tsakanin 118 da 137 MHz.

Daga Sabon Gari: Jiragen ruwa da sojoji fa?

Teku ya yi wa Zariya nisa, buɗe WebSDR (rediyon da ake saurara ta intanet) na Jami'ar Twente ta Holan a wayarka. Sojojin saman Amurka suna 8992 da 11175. Haruffa da lambobi za ka ji ana jerawa, kuma kada wani ɗan WhatsApp ya ce maka ya fassara su.