Tsohuwar boksi da baƙin man jabu: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Damina ta ja baya, an shiga yankan riɗi a Gadarif, nan gabashin Sudan, dawa kuma tana tafe, shi ya sa saƙonnin wannan makon kusan duk a kan boksi suke, wato akori-kura a bakin 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar. Kowa ya tuna da motarsa yanzu da aiki ya taso. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda kun tambaya, bismillah.

Wani manomi daga Hawata ya ce: "Usta, Hilux ɗina mai jaz ce, wato dizal, injin 3L. Kwana goma ke nan wata fitila mai rubutun T-BELT ta kama, amma motar lafiya lau take tafiya. In bari sai bayan kaka?"

Kada ka bari, Malam. Fitilar nan lissafi take yi, tana kamawa idan bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul, ya cika kilomita 100,000. Bel ɗin roba ne, ba ya ƙara, ba ya sallama, ranar da zai tsinke sai dai ka ji inji ya mutu a tsakiyar gona. In ya tsinke a irin wannan injin, fistin ne ke karo da bawul, aikin yini guda ya koma sauke kan inji. A canza shi tare da 'yan gargaren da ke ɗame shi, a duba famfon ruwa tunda an riga an buɗe gaban. In ba ka taɓa saita taimin ba, wannan ba aikin ƙofar gida ba ne, ka kai wa bakanike. Ka tsaya a kansa kuma, ka karɓi tsohon bel ɗin a hannunka, don akwai masu kashe fitilar su bar shi a ciki. Masu injin 22R mai banzin, wato fetur, naku sarƙa ce, zancen bai shafe ku ba.

Wani matashi daga Damazin ya rubuto: "Motata tana zafi in na yi lodi. Abokaina sun ce in cire tamostat in jefar, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi."

Ɗana, abokan naka su za su saya maka sabon kan inji? Na gaji da amsa wannan tambayar. Tamostat bawul ne da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82. In ya lalace a sa sabo, amma cire lafiyayye ɓoye ciwo ne. Je ka leƙa lagiretonka. Na tabbata ƙaiƙayi da busasshiyar laka sun toshe shi ta waje, ta ciki kuma gishirin ruwan rijiyar da kake ɗura masa ya kama bututun. A wanke shi ciki da waje, ka duba robar murfin, ka danna fambel da yatsa ka ji ko ya saki. Kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto yana tafasa, ko ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Waɗannan injinan na jaz suna jure komai ban da zafi, kansu tsagewa yake yi.

Sai saƙon wani Alhaji daga Sinnar, wanda a kansa zan daɗe: "Na samu galan ɗin baƙin mai a kasuwa rabin kuɗin na shago. Galan iri ɗaya, suna iri ɗaya. Mai sayarwa ya ce tijari ne, wato ba na asali ba, amma bambancin kaɗan ne. Ya haɗa min da filta kyauta. In saya da yawa in ajiye?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ko ɗaya kada ka saya. Na san halin da ake ciki. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 manyan shagunan isbir, wato kayan gyaran mota, na Khartoum da Omdurman suka watse, kaya sai sun zagayo ta Bur Sudan ko ta kan iyaka, kuɗinmu fam kuma kullum ƙasa yake yi. Mutum ya ga rabin farashi dole zuciyarsa ta motsa. Sai dai ka tambayi kanka, wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko mai daga bakin teku, ya biya mota, ya biya duk abin da ake biya a hanya, sannan ya sayar maka da asara don yana ƙaunarka?

Ga yadda ake yinsa. Ana bin gareji-gareji a tara man da aka juye daga motoci, a bar shi ya kwanta, a tace, a wanke masa launi har ya yi garau kamar zuma. Galan ɗin kuwa na gaske ne, yara ne ke tsintowa a sayar wa masu wannan sana'a, shi ya sa kake ganin suna iri ɗaya. Ido ba ya gane shi, murza shi da yatsa ma ba ya gane shi, duk wanda ya ce maka yana gane mai da yatsa yaudarar kansa yake yi. Abin da ya mutu a cikinsa shi ne sinadaran da ke riƙe datti, suke hana shi tsinkewa in ya ji wuta. Tsakanin karanshaf da mital, wato mazaunin da yake juyawa a ciki, babu komai sai ɗan siririn mai da bai kai kaurin gashi ba. Da sanyin safiya man jabu yana riƙewa. Ka ɗora buhuna ka kama hanya da azahar, sai ya koma kamar ruwa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ba ranar za ka sani ba. Bayan wata uku ko huɗu za ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, ka ce motar ce ta tsufa.

Filtar kyautar nan ta fi man ba ni tsoro. Bara na sayi filta a wani shago, kwali mai kyau, tambari a jiki. Kwana biyu da ɗaura ta na lura fitilar mai tana jinkirin mutuwa da safe, inji yana ɗan kaf-kaf kafin ya daidaita. Na kwance ta, na sa zarto na yanka. Takardar ciki ba ta fi ta littafin 'yan makaranta kauri ba, ninkinta kaɗan ne, gam ɗin ya saki ta gefe guda, mai yana wucewa ta ramin ba tare da an tace shi ba. Robar da ke hana mai komawa ƙasa da dare kuwa ta bushe ƙayau. Na ajiye ta a kan benci har yau, duk yaron da ya zo koyon aiki sai na nuna masa. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san manoma nawa ne suka ɗaura irinta ba su da zarton yankawa.

Abin da ke ƙona min rai kuma, mutumin da ke cinikin baƙin mai kamar zai yi kuka shi ne za ka ga ya ƙawata boksinsa da fitilu kala-kala da ham mai waƙa da labule mai geza. Kuɗin adon nan ya isa juye biyu na mai nagari. Ku kuka san abin da ake kira yanzu in an ce a sauke inji, da ringi da mital da gaskit da kuɗin injiniyan da zai gyara karanshaf, ga mota a kwance ana tsakiyar kaka kana hayar ta wani. Araha ba ta ado.

To me za ka yi? Ka tsayar da shago guda mai mazauni, wanda in abu ya ɓaci gobe za ka same shi a wurin, ba mai shimfiɗa a bakin titi ba. Ka duba hatimin murfi, ka duba lambar da aka buga a jikin galan ko ta goge ko an liƙa wata a kai. Mai jaz ya nemi 15W-40, a bayan galan ya ga API da harafin C a farko, kamar CH-4 ko CI-4. Tsohuwar mai banzin 20W-50 ya ishe ta. A ƙurarmu da lodinmu kada a wuce kilomita 5,000, a canza filta tare. In ka riƙe filta biyu ka ji ɗaya sakayau, ajiye ta. In ka gama juye, sa wuƙa ka huda galan ɗin kafin ka yar, in kuwa gida za a yi amfani da shi to kada ya koma kasuwa. In kuɗi ya gaza, gara mai na ƙaramin kamfani amma na gaskiya da babban suna na jabu.

Tunda muna kan araha, kayan motocin da aka wawashe sun cika wasu kasuwanni. Wanda ya ga injin ko giya a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, babu takarda babu bayani, ya ji tsoron Allah. Haƙƙin wani ne.

Wata baiwar Allah daga Mai Wurno ta ce: "Maigidana ya rasu, boksinsa tana ƙarƙashin bishiya fiye da shekara ba a tayar ba. Dillalai suna cewa ta mutu, suna taya ta da wulaƙanci. Ɗana na fari yana son tayar da ita. Ina tsoron kada mu ƙarasa ta, ita kaɗai ya bar mana."

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, zaman shekara ba ya kashe irin wannan motar, kuma kada ki sayar kafin ta tashi, don mota mai numfashi farashinta daban ne. Ki ce wa yaron kada ya yi gaggawar murza makulli. Ya fara buɗe gaba ya duba ɓarnar ɓera a wayoyi da cikin gidan filtar iska, nan suke sheƙa. Ya zare sandar mai ya gani. In man ya yi fari kamar shayi da madara ruwa ya shiga, ya tsaya a nan ya kira bakanike. In baƙi ne kawai, a juye a zuba sabo. Ya sa sifana a kan babban noti na gaban inji ya juya shi da hannu zagaye biyu. In ya juya, kin tsira daga babbar matsala. Batir kam wataƙila ya tafi, a ari na maƙwabci a gwada kafin a sayi sabo. In mai jaz ce, a ƙasan filtar jaz akwai ɗan makunni, a sassauta shi ruwan da ya taru ya zube, sannan a danna famfon da ke samanta har ya yi tauri. Kafin ta fita ƙofa ya taka birki ya ji ko yana nutsewa, a kuma canza man birkin. Abu guda nake roƙonki, kada ki bar shi ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A sa kututture mai ƙarfi, a tare tayoyi da duwatsu. Ki rubuto min yadda aka yi.

Wani daga Singa yana tambaya ko in ya ƙara ganyen sifirin biyu zai iya ɗora buhun dawa ashirin. Buhu kilo 90 ne, boksi kuma wajen tan ɗaya aka yi ta dominsa, buhu goma ko sha ɗaya ke nan. Sifirin zai hana ta durƙusawa, amma bai ƙara mata birki ba, bai ƙara wa shasi kauri ba. Yi sawu biyu.

Mai tambaya a kan tayoyin gwanjo daga Kasala, zanen taya ba shi ne shekarunta ba. Duba gefenta bayan rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko gefenta ya yi tsage-tsage, bar masa abarsa ko da zanenta bai taɓu ba.

Na ƙarshe, direban da ya ce ya yi ta ratsa kwari da damina, yanzu bayan motar yana kuka. Kwance noti na akwatin difa ka ga man. In ya yi fari, juye shi yau, ka zuba man giya mai lamba 90 da alamar GL-5, ka bi duk kan nonon giris na farfela ka cika su. In kukan bai daina ba, baring ya riga ya ci, sai a buɗe.