Maƙwabciyar ce ta hana ni barci, ba abin cikin dajin ba

Ƙanwata, kin ce kin kai rabin littafin nan na ungozomar da aka yi wa sharrin maita a wani ƙauyen 'yan Puritan na Amurka, barci ya gagare ki, kina tambaya ko akwai gaskiya a ciki, kuma ko ki ƙarasa. Na karanta shi bara da damina, dare uku a jere da fitilar waya don ba wuta. Bari in ba ki labarin yadda muka kwashe da shi.

Abin tsoron nan na littafin da ke raɗa a cikin itatuwan daji bai dame ni ba ko kaɗan. Wadda ta tashi a gaban kakarta tana jin tatsuniyar Dodo, wane baƙin abu ne a takarda zai razana ta? Inda na kife littafin na tashi na sha ruwa shi ne wajen shari'a, lokacin da maƙwabciyar da ungozomar ta karɓi haihuwarta har sau biyu ta miƙe ta ba da shaida a kanta.

Ƙauyen da mutanen cikinsa ƙirƙira ce, amma irin shari'ar an yi ta. Puritan Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini, suka baro Ingila suka zauna a Massachusetts wajajen 1630. A 1692 abin ya ɓarke a Salem, kuma daga gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, ya fara. 'Yarsa mai shekara 9 da wata 'yar'uwarta mai 11 suka riƙa faɗuwa suna ihu. Da aka matsa musu su faɗi mai yi musu haka, sai suka ambaci mata uku: Tituba baiwar gidan, Sarah Good mabaraciya, da Sarah Osborne wadda ta daɗe ba ta leƙa coci ba. Ki dubi waɗanda aka fara da su, duk marasa gata. Kafin ƙura ta lafa an zargi wajen mutum 200, an rataye 19, mata 14 da maza 5. Wani tsoho, Giles Corey, ya ƙi amsa tuhumar, aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har ya cika. Ƙonawar da mutane ke yawan faɗa kuwa ba a yi ta a Salem ba.

Hujjar da kotun ta karɓa ce ta fi tsaya mini a rai. Yarinya za ta ce ta ga kurwar wance ta shigo da dare tana mintsininta, shike nan ya zama shaida. Ta ina za ki kare kanki? Kin ce kina gida, an ce ai jikinki ne ke gida. Wani lokaci a sa wadda ake zargi ta taɓa yarinyar, in ihun ya tsaya an kama mai laifi ke nan. Waɗanda suka amsa laifin suka tona wasu sun tsira da wuyansu, masu cewa ba su san komai ba su aka rataye. Rebecca Nurse, tsohuwa 'yar shekara 71 mai mutunci a cocinsu, har an wanke ta, yaran suka kwarma ihu a kotu, aka ce a sake dubawa, aka rataye ta.

Nan ne jikina ya mutu, don na san wannan abin ba a littafi ba. Ina ƙarama, a unguwarmu akwai wata tsohuwa mai daddawa, ba ɗa ba jika. Wata yarinya zazzaɓi ya yi mata zafi, tana sambatu ta kira sunanta. Aka je aka taho da ita ko mayafi babu, aka ce ta tsallake yarinyar ta sako mata kurwa. Ina leƙe ta bayan zanen mamata, na ga ƙafarta na rawa. Sai da na girma na gane tarkon: in yarinyar ta tashi a ce ta sake ta, in ta mutu a ce ta cinye ta. Yarinyar ta warke. Daddawar tsohuwar dai ba wanda ya ƙara saye, kafin azumi ta bar unguwar.

To ga rigimata da marubucin, kuma ki yi haƙuri zan ɗan ɓata miki gaba. A rabi na biyu ya ba ungozomar ƙarfin tsafi na gaske, ta ruga daji, sannan ta bi masu zarginta ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, har da cewa "ƙara masa" ni kaɗai a ɗaki. Da gari ya waye sai abin ya dame ni. In har ta zama mayyar gaske, ashe masu zarginta ba su yi ƙarya ba ke nan? Rebecca Nurse ba ta da dajin da za ta ruga. Abin da ya faru a zahiri ba shi da armashi irin na littafi: gwamna William Phips ya rushe kotun a Oktoban 1692, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a coci a 1697, Ann Putnam da ke cikin yaran ta nemi tata a 1706, aka biya iyalai diyya a 1711.

Ki ƙarasa shi, amma da rana, tsakar gida, inda kike jin hayaniyar yara. Babin azabtarwa na cikin kurkuku ki tsallake, ba abin da za ki rasa, ni ma da na sani da ban karanta ba. In kuwa kin ji yana taɓa miki zuciya ta fuskar addini, ki ajiye shi, ba dole. In kin kai inda maƙwabciyar nan ta zo ƙofar kurkuku da burodi a ƙunshe cikin tsumma, ki dawo ki faɗa mini ko kin yafe mata. Ni har yau ban yafe ba.