Hitar gas tana ƙyas-ƙyas amma wuta ba ta kamawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce hitar gas mai dumama ruwa ta gidanka a Gombe tana ƙyas-ƙyas in ka buɗe famfo, amma wuta ba ta kamawa, in ma ta kama sai ta mutu.

Fara da batir. Yawancinsu manyan batir 2 ne a ƙasan injin, da sun yi sanyi tartsatsin ba ya isa.

In ka canja ba ta sake zani ba, ni ƙarfin ruwa nake zargi. Injin ba ya sakin gas sai ruwa ya turo da ƙarfi, kuma sai tanki ya kai tsayin mita 10 yake ba da kusan bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin turowar ruwa ne). Ka ga tankin da ke kan gajeren ƙarfe da wuya ya iya, balle in ruwan ya yi ƙasa. Rufe ruwa da gas, ka kwance bututun shigar ruwa. Akwai 'yar rariya a bakinsa, sau da yawa za ka tarar yashin burtsatse ya cushe ta. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya wanke ta.

Sannan ka leƙa launin wutar. Shuɗiya ake so. In ta koma rawaya tana baƙin hayaƙi, wataƙila ƙurar hunturu ta toshe bakin wutar, kashe ka kira mai gyara. Irin wannan wutar ce ke fitar da iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma tana kisa. Don Allah in injin yana cikin banɗaki rufaffe, a fito da shi waje. Yoyon gas kuwa da ruwan sabulu ake gwadawa a bakin tiyo, kada ka kusanto da ashana.