Bincike kan karatu da rubutu a darasin kimiyya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai digiri a kimiyya zai iya zama malamin jami'a mai bincike kan yadda ɗalibai ke karanta kimiyya da rubuta ta. Ƙwarai kuwa. Fara da maƙalar Stephen Norris da Linda Phillips ta 2003, inda suka nuna cewa iya karanta rubutun kimiyya da auna hujjarsa yana cikin sanin kimiyyar kanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya haddace ma'anar "ƙarfi" a fiziks, amma ya kasa bayyana sakamakon gwajinsa a jimla uku. Shiga aji, ka tara rahotannin gwajin ɗalibai, sannan ka nemi mai duba digirinka na uku wanda ya san ilimin harshe.