Amsa ga mai tambaya kan yatsun da ke mutuwa da hunturu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce da hunturu ya kama, yatsunki sai su yi fari su mutu, in sun farfaɗo kuma su yi ta zugi, har a gida ana cewa ƙarancin jini ne. Tun ina budurwa nake fama da irin wannan. A asibiti ana kiransa ciwon Raynaud, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1862. Mata ya fi kamawa, yawanci daga shekara 15 zuwa 30.

Jinin yana nan, hanyarsa ce ke tsukewa. Da sanyi ya taɓa ki, ƙananan jijiyoyin jinin yatsu sai su matse fiye da kima, yatsa ya yi fari, ya koma shuɗi-shuɗi, sannan ya yi ja in jini ya dawo. A fatarmu sai kin duba cikin yatsa da farce, lalle kuma yana ɓoye shi, don haka ki ɗauki hoto in ya tashi, ki nuna wa likita.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ɗumama jiki gaba ɗaya. Safar hannu kaɗai ba ta isa in ƙirji da ƙafa suna shan iska. Ki kwana da ruwan ɗumi a fulas saboda alwalar asuba, wanki da wanke-wanke kuma ki bari rana ta ɗaga. Ɓacin rai ma yana tayar da shi, haka taba da shisha da wasu magungunan mura da na hawan jini.

In ya taso, ki cusa hannu a hammata ko ruwa mai ɗumi-ɗumi. Don Allah kada ki kanga shi a garwashi! Yatsan da ya mutu ba ya jin wuta, sai kin ƙone za ki sani.

Amma in gyambo ya fito a kan yatsa, ko hannu ɗaya ne kawai, ko akwai ciwon gaɓoɓi, ko fatar yatsu tana ɗaurewa, kada ki jira hunturu ya wuce, domin wani ciwon kan ɓuya a ƙarƙashinsa. Haka in kina da sikila. Ki je a gwada jininki. Akwai magani irin su nifedipine mai buɗe jijiyoyin, amma likita ne zai rubuta miki, kada ki saya da kanki a kemis. Allah ya ba ki lafiya.