Tambayi Likita: Dashen Hanta da Masu Binciken da Suka Buɗe Hanyarsa

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen likitanci na Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram. Duk darasin hanta sai an ambaci Thomas Starzl. Me ya yi haka, kuma da me ake auna tasirin mai bincike?

Amsa: Ƴata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ma'auni biyu ne: yawan masanan da suka kafa hujja da rubutunsa, da kuma abin da aikinsa ya canza a gadon majinyaci. Starzl, likitan fiɗa ɗan Amurka da ya rasu a 2017, ya cika duka biyun. Ya bar maƙalu sama da 2,000, kuma a 1999 an bayyana shi a matsayin wanda aka fi kafa hujja da aikinsa a fannin kula da marasa lafiya.

Amma na biyun ya fi nauyi a wajenmu. A 1963, a birnin Denba, ya yi dashen hanta na farko ga ɗan Adam. Yaron, ɗan shekara 3, ya rasu ana cikin fiɗa saboda zubar jini, domin hantar da ta lalace ba ta iya samar da sinadaran daskarar da jini. Sai a 1967 aka samu wadda ta rayu fiye da shekara guda. Bayan nan matsalar ta koma ta garkuwar jiki, wadda ke ɗaukar sabuwar hanta a matsayin baƙuwa ta far mata. Roy Calne na Kambirij a Ingila ya fara gwada siklosforin, maganin danne garkuwar jiki, ga masu dashe, Starzl ya haɗa shi da sitiroyid, sai masu cika shekara da rai suka tashi daga ƙasa da kashi 30 cikin 100 zuwa kusan 70. Daga baya tawagarsa ta kawo takrolimus, shi ma maganin danne garkuwar jiki, wanda ake dogaro da shi har yau.

Tambaya: Daga unguwar Birni nake. Wana na da ciwon hanta nau'in B, cikinsa ya cika da ruwa, an ce hantar ta ƙandare. Zan iya ba shi tawa?

Amsa: Malam, Allah ya ba wanka lafiya, ya saka maka da wannan zumunci. Ana iyawa, don hanta tana sake tsiro. Ga babba, yawanci ɓangaren dama ake yanka, kusan kashi 60 cikin 100, kuma dole a bar wa mai bayarwa aƙalla kashi 30. Nauyin abin da aka yanka kada ya gaza kashi 0.8 cikin 100 na nauyin majinyaci: mai kilo 70 na buƙatar giram 560 ko fiye. In ya gaza, jinin da ke tahowa daga hanji ya fi ƙarfin ƴar hantar, sai ta kasa.

Kafin komai, a gwada ka kai kanka. Ƴan ɗaki ɗaya sukan ɗauki wannan ƙwayar cuta tun suna jarirai, kuma in takardarka ta nuna AgHBs, wato alamar ƙwayar a jini, na nan, maganar bayarwa ta ƙare. Sai rukunin jini ya dace, sannan a duba kitsen hanta, suga da zuciya. Ka sani mai bayarwa ma yana cikin haɗari, har da na rasa rai, ko da yake ƙalilan ne.

Inda aka fi samun tangarɗa bayan fiɗa shi ne bututun ruwan maɗaciya, ya yi yoyo ko ya tsuke, sai jijiyar hanta da gudan jini kan toshe a makonnin farko. Takrolimus kuwa kowace awa 12 ake sha, har ƙarshen rayuwa, ana auna yawansa a jini: ya yi kaɗan jiki ya ƙi hantar, ya yi yawa ƙoda ta taɓu. Maganin tarin fuka rifamfisin na karya ƙarfinsa. Masu zuwa Indiya, Turkiyya ko Masar su lissafa kuɗin wannan magani da gwajinsa tun kafin su sayar da gona, domin a nan ne dashe da yawa ke lalacewa.

Kafin a kai ga dashe, wanka ya rage gishiri sosai, ya bar jiƙe-jiƙen shawara, ya guji gyaɗa da hatsi masu fumfuna, saboda gubar aflatoksin da ke haɗuwa da wannan cuta ta jawo sankarar hanta. Tenofobir, miligiram 300 a rana bisa umarnin likita, na danne ƙwayar cutar. A yi masa hoton ciki duk wata 6.

A ganinmu, mai binciken da Damagaram ta fi mora shi ne Baruch Blumberg, wanda ya gano alamar wannan ƙwaya a jini, ya samu lambar Nobel a 1976. Daga aikinsa gwajin da rigakafin suka fito. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar na zama masa ta dindindin. Ka kai matar wanka da ƴaƴansa a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa allura uku. Jariri kuwa a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6, na 10 da na 14.